Fada, Anya Allah Bai Gaji da Ni Ba?

TAMBAYA:

Fada, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni magidanci ne, ɗan Katolika tun haihuwa, matsalata kuma giya ce. Nakan yi makonni ban taɓa ta ba, sai rana ɗaya in sha in bugu, in dawo gida in zazzaga wa matata baƙar magana a gaban yara. Na sha zuwa wurin Fada in furta wannan zunubi, kullum da alkawarin na daina, kullum kuma in koma. Yanzu kunya ta hana ni zuwa furcin. Ina zuwa Misa amma a bencin baya nake zama, idan mutane suka tashi karɓar Jikin Kristi sai in sunkuyar da kai kamar mai addu'a har su gama. Tunda na san zan sake faɗuwa, ba ƙarya nake yi ba in na ce na tuba? Anya Allah bai gaji da ni ba?

Daga wani mai karatu

AMSA:

Ɗana, Allah bai gaji da kai ba. Na fara da wannan domin kada ka ajiye mujallar kafin ka kai ga sauran.

Ba zan rage wa laifinka nauyi ba. Buguwa da gangan babban abu ne, maganar da matarka take sha a gaban 'ya'yanta kuwa tana barin tabo. Ka yi daidai da ba ka miƙa hannu ka karɓi Jikin Kristi ba alhali zuciyarka tana tuhumar ka da babban zunubi. Inda ka ɓata hanya shi ne da ka ƙaurace wa furcin zunubi, wurin da aka tanada musamman domin irin halin da kake ciki. Yesu da kansa ya ce a Markus 2:17 masu lafiya ba ruwansu da likita, sai marasa lafiya. Majiyyacin da ya ce sai ya warke zai je asibiti, yaushe zai je?

Tambayarka game da ƙarya ita ce ta fi taɓa ni, don na san yawan mutanen da take hana barci. Abu biyu ka haɗa wuri ɗaya: niyya da hasashe. Abin da Ikilisiya take nema gare ka lokacin da ka durƙusa shi ne niyyar gaskiya ta barin zunubin, tare da shirin ɗaukar matakin da zai kai ka ga haka. Ba ta ce ka kawo tabbacin abin da zai faru wata mai zuwa ba, domin babu ɗan Adam da yake da wannan. Kana iya cewa, "Ba na so in sake, amma ina tsoron kaina," kuma tubanka ya zama sahihi. Maƙaryaci shi ne wanda yake furtawa da baki alhali ya riga ya shirya inda zai je ya sha daren Asabar. Katikizim na Ikilisiyar Katolika ya ambaci ramuka biyu a sakin layi na 2091 da 2092: fid da rai daga jinƙan Allah, da kuma gangancin cewa ai zai yafe ko ban tuba ba. Wasiƙarka ta nuna mini na farkon ne yake jan ƙafarka. Wannan littafi kuma, a sakin layi na 1735, ya yarda cewa sabo mai ƙarfi yana iya rage alhakin mutum. Auna wannan ba aikinka ba ne kai kaɗai cikin dare. Aikinka ne tare da Fadan da zai saurare ka.

Dubi Bitrus da Yahuza. Dukansu sun ci amanar Ubangiji a dare ɗaya, dukansu kuma sun yi nadama. Matiyu 27 ya nuna Yahuza har kuɗin ya mayar. Amma shi ya tsaya kallon girman laifinsa har ya yanke wa kansa hukunci. Bitrus ya yi kuka mai zafi, bai kuma rabu da 'yan'uwa ba. Da Yesu ya same shi a bakin teku a Yahaya 21, bai nemi ya rantse cewa ba zai ƙara ba. Ƙauna ya tambaye shi, har sau uku, sa'an nan ya danƙa masa tumakinsa. Paparoma Fransis, a jawabinsa na Lahadin farko bayan zaɓensa, 17 ga Maris 2013, ya ce Allah ba ya gajiya da yafewa, mu ne muke gajiya da roƙon gafara.

Ina so ka san wani mutum mai suna Matt Talbot, lebura ne a birnin Dablin na ƙasar Ailan, an haife shi a 1856. Tun yana yaro ya fara sha, har takalmansa yakan jinginar don ya sami na giya. A 1884, yana da shekara 28, ya je ya furta zunubansa ya ɗauki alkawarin barin giya. Abin da nake ƙauna a labarinsa shi ne alkawarin farko na wata uku ne kawai, daidai abin da yake ganin zai iya ɗauka. Ya sha wuya ƙwarai a shekarun farko, ya riƙe Misa kowace safiya, ya bi mutanen da suke bin sa bashi ya biya su. Bai sake sha ba har ya rasu a 1925, kuma a 1975 Paparoma Bulus na Shida ya amince da nagartar rayuwarsa.

Saboda haka ka koma cikin wannan mako. Idan idon Fadan da ya san ka ne yake ba ka kunya, je wurin wani. Ikon gafarar ɗaya ne. Kada ka ji tsoron maganar za ta fita, dokar Ikilisiya ta haramta wa Fada bayyana abin da ya ji a furci ko da za a kashe shi. Kuma ka yarda da ni, mu da muke zaune a wancan gefen ba ƙirga maka muke yi ba, murna muke yi idan mutum ya dawo. Fara da faɗin tsawon lokacin da ka ɗauka ba ka zo ba, sauran zai zo da sauƙi.

Dogara ga jinƙan Allah kuma tana tafiya da aiki. Duba da kyau: wace rana kake faɗuwa, da su wa kake zama, kuɗi nawa ke aljihunka a ranar? Canza hanyar da kake bi zuwa gida in ta bi ta wurin shan giyar. Je ka ga likita, domin jarabar giya cuta ce da take da magani, neman taimako kuma ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Nemi gafarar matarka da idonka biyu garau, a gaban yaran da suka ji zagin. In ka sake faɗuwa, Allah ya kiyaye, kada ka bari mako ya zagayo ba ka dawo ba. Zan tuna da kai da iyalinka a Misa, ka kuma sake rubuto mini in ji yadda ake ciki.