Tambaya da Amsa: Mu koya wa editanmu yarukan kod da kanmu, ko mu bi LSP?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina biyu muna haɗa wata ƙaramar manhajar rubuta kod, buɗaɗɗiya, wadda tsofaffin kwamfutoci masu ram gig 4 za su iya ɗauka. Yanzu muna so ta riƙa nuna kuskure, tana kuma ƙarasa wa mutum kalma. Abokina ya ce mu rubuta wannan da kanmu don Python da C, ni kuma na ji ana maganar LSP. Wanne ya fi? Daga ɗalibinka a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aikinku albarka. Ku bi LSP, wato Language Server Protocol, ƙa'idar da edita (manhajar rubuta kod) ke bi don yin magana da manhajar da ta san yaren kod, ba tare da wata-wata ba.

A da, kowane edita shi yake koyon kowane yare da kansa. Edita goma da yare goma, aiki ɗari ke nan. A 2016 Microsoft, tare da Red Hat da Codenvy, suka fito da wannan ƙa'ida: a ware wata manhaja da ta san yaren ciki da bai, wato sabar yare, edita kuma ya riƙa tambayar ta ta saƙonnin JSON-RPC, wani tsarin aika tambaya da amsa tsakanin manhajoji. "Ina aka fara ayyana wannan sunan?" "Me zai iya biyo bayan wannan ɗigon?" Ita kuma ta ba da amsa. Kada kalmar saba ta tsorata ku, a cikin kwamfutar mutum take zaune, ba ta cin data ko kobo. Editan Neovim ya shigar da LSP cikin jikinsa a 2021, editan Emacs 29 ya zo da Eglot, nasa mai magana da sabobin LSP, a 2023. In manya irin waɗannan sun rungume ta, ku uku kada ku ƙarar da shekarunku kan fassara nahawun C.

Amma kada ku cusa sabobin a cikin kunshin editanku. Ku bar mutum ya sauko da wadda yake buƙata, ku ba shi ɗan fayil guda da zai rubuta sunanta. Don C akwai sabar clangd, sai dai tana son fayil ɗin compile_commands.json, mai bayanin yadda ake harhaɗa kod ɗin, kafin ta gane babban aiki. Don Python ni pylsp zan zaɓa muku, da pip, mai sauko da manhajojin Python, ake saka ta, ita kuwa Pyright sai da Node.js, mai gudanar da JavaScript. Pylance kam ku bar ta, lasisinta na manhajojin Microsoft ne kawai. Kuma a gig 4, kada saba ta tashi sai an buɗe fayil ɗin yarenta, in ta faɗi kada ta ja edita su faɗi tare.

Ga inda nake so ka buɗe kunne, don ya taɓa cinye mini dare guda. Ina gwada wani ɗan edita a gida, a Unguwar Rimi, an ɗauke wuta, batir na ta ja baya. Na rubuta layi mai ɗauke da "ƙofar ɗaki", sai jan layin kuskure ya goce daga kalmar da ta dace, ya sauka gefe da harafi biyu. Na yi ta zargin sabar, ashe laifina ne. Ni da bayit, ma'aunin ajiyar kwamfuta, nake ƙirga matsayin harafi, ƙ da ɗ kuwa kowanne bayit biyu ne a tsarin ajiye haruffa na UTF-8, alhali LSP a asali da ma'aunin UTF-16 take ƙirga, inda kowannensu ɗaya ne. Mai rubutu da Ingilishi zalla zai iya shekara bai ga wannan ba. Mu da ke sa Hausa a cikin kod ranar farko za mu ci karo da shi. Tun fitowar 3.17 ta ƙa'idar, edita da saba na iya yin yarjejeniya kan ma'aunin a gaisuwar farko, amma ba kowace saba ce ke yarda ba, don haka ku rubuta kod mai juya lissafin tsakanin UTF-8 da UTF-16.

Ku fara da Python kaɗai, da nuna kuskure kaɗai. In ya zauna daram a kan layi mai ɓ, ɗ da ƙ, sannan ku ƙara ƙarasa kalma.