Na raba layi a pfSense, amma da magariba intanet ɗin shagona sai rarrafe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kwamfuta a Aboabo, nan Kumasi. Kwamfutoci 12 ne, ana buga takardu, ana cike fom na makaranta da na fasfo, ina kuma sayar wa maƙwabta wayifai. Na ɗora pfSense, manhajar da ke sarrafa layin intanet, a wata tsohuwar kwamfuta, na raba layina na mega 50 don kada wani ya cinye rabon wani. Da safe lafiya lau. Da an idar da magariba samari suka cika benci suna kallon ƙwallo, sai kiran WhatsApp ya riƙa tsinkewa, fom ya ƙi tafiya. Ko in koma OPNsense ne? Daga mai shago, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka koma ko'ina tukuna. OPNsense daga jikin pfSense ta balle a 2015, dukansu a kan babbar manhajar kwamfuta ta FreeBSD aka gina su, kuma takunkumin gudu da ke cikinsu tushensa ɗaya, wato dummynet. Can ma abin da ka baro za ka tarar.

Zargina na farko yana kan wannan 50 ɗin. Na tabbata ita ka rubuta wa na'urar, domin ita ce a takardar kamfani. To amma da dare, lokacin da duk unguwa ta hau layi, ba lallai ne 50 ta iso ƙofarka ba. In 30 ce ke isowa kai kuma ka ce wa pfSense 50, a ganinta hanya a buɗe take, ba ta da dalilin tsayar da kowa. Sai bayanan su je su taru a modam ko a na'urorin kamfani, inda ba ka da ta cewa. Kamar ka tsayar da mai ba da hannu a Aboabo ne alhali cunkoson yana can kasuwar Kejetia. Wannan taruwar ce ake kira bufferbloat, sunan da injiniya Jim Gettys ya raɗa mata a 2010, kuma ita ke kashe kira: bidiyo yana iya jira, murya ba ta iyawa.

Ga gwajin. Buɗe ping, wato ma'aunin lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, zuwa adireshin 8.8.8.8, ka bar shi yana tafiya, sannan ka fara sauke babban fayil. In lambar ta yi tsalle daga 'yan gomomi zuwa ɗaruruwa, ka kama ɓarawonka. Daga nan ka auna layin da ƙarfe takwas na dare, kwana uku a jere, bayan ka cire kowa na minti biyu (za su yi gunaguni, ka ba su haƙuri). Ɗauki mafi ƙanƙanta, ka rage kashi 10 cikin 100. In 32 ka samu, rubuta 29. Haka za ka yi wa ɓangaren ɗorawa, kuma kada ka raina shi, don ta nan hoton fasfo da muryar mai kira suke fita. Na san abin da ciwo, ka biya kuɗin 50 ka rubuta 29 da hannunka. Amma sai ka zama kai ne matsattsen wurin kafin ka iya zaɓar wanda zai fara wucewa.

A wajen zaɓen tsarin da zai jera bayanai a layi ka ɗauki FQ_CoDel, yana cikin pfSense tun fitowa ta 2.4.4 a 2018. Shi yake ba ƙananan saƙonni irin na kira damar wucewa gaban masu lodi. HFSC kuwa, wani tsarin raba layi mai wuyar saitawa, ka bar wa masu lokacin ɓatawa. Shago irin naka ba ya buƙatarsa.

Akwai wani tarko da ni kaina na faɗa. Wata rana a ofishin wata makaranta a Asawase na gyara dokoki, na sake gyarawa, har la'asar ta wuce ban ga canji ba, shayin da aka kawo mini ya yi sanyi. Ashe haɗin da aka riga aka ƙulla yana nan kan tsohuwar doka. Da na shiga sashen Diagnostics na pfSense na danna Reset States, mai yanke duk haɗin da aka riga aka ƙulla, nan take komai ya hau hanya. Sai ka yi hakan bayan kowane gyara, amma ka faɗa wa mai cike fom tukuna, don zai yanke shi.

In kuma mega 3 ka yanka wa kowane mutum, duba gurbin Mask, wanda ke ware wa kowa nasa rabon. Ka bar shi babu komai, duk mutanen cikin mega 3 ɗin nan guda za su cushe. Adireshin mai aikawa za ka zaɓa a ɗorawa, na mai karɓa a saukewa.

Tsohuwar kwamfutar ba ta dame ni ba, mega 50 ba kaya ba ne. Katin da wayar intanet ke shiga shi ne abin dubawa. In na USB ne, cire shi. In na kamfanin Realtek ne yana maka wasa, nemi na Intel ko da na hannu ne. Maƙwabtan da ke bayan katanga biyu kuwa, in su kaɗai ke kuka, matsar da akwatin wayifai kusa da taga kafin ka sake taɓa pfSense. Ka rubuto mini lambobin ping ɗin, na kafin gyara da na bayansa.