Hajiya, kafin a goge kwamfutar, a fara duba ƙura

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki cewa kwamfutar da yara ke karatu da ita a gida ta yi nauyi, fankarta na ƙugi ba hutawa, kuma mai gyara ya ce sai an yi mata fomat, a goge komai. Don Allah ki dakata tukuna. Na daɗe ina kwance injinan nan a Yamai, kuma mafi yawan waɗanda ake kawo mini da wannan kuka, ƙura ce da zafi ke damunsu.

A bisa ƙwaƙwalwar kwamfuta akwai wani ƙarfe mai tsaga-tsaga da fanka ke hura wa iska. Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana taruwa a tsagogin nan har ta dunƙule kamar auduga. Kafin a ankara Afrilu da Mayu sun shigo, zafi ya haura digiri 40 a inuwa. Ita ko ƙwaƙwalwar, da ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Nauyin da kike gani ke nan, kuma fomat ba ya fidda ƙura. Abin yana ba ni takaici, mutum ya rasa hotunansa da takardun yara, bayan sati biyu inji ya koma yadda yake.

Ni sau biyu nake bada shawarar a hure ta a shekara: ƙarshen hunturu, da bayan iskar nan mai jan ƙasa da ke gabatar damina. A zare ta daga kuran, a fita da ita tsakar gida, a danne fankar da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi ta juyi ta lalace. In ta kwan biyu ba a buɗe ta ba, mai gyara ya sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen, yana bushewa. In ta hannu ce, a hana yara ɗora ta bisa katifa ko darduma, ta ƙasa take shan iska. A rufe ta da zane in an kashe, amma ban da lokacin da take aiki.

Sai ɓangaren manhajoji. Ki danna maɓallan Ctrl da Maj da Échap tare, ki shiga wajen da aka rubuta Démarrage, za ki ga manhajojin da ke tashi tare da injin. Ki kashe duk wadda ba kullum ake buƙatarta ba. Manhajar maganin cutar kwamfuta kuma guda ɗaya ta isa, Defender da ke zuwa cikin Windows 10 da 11 yana aiki. In aka haɗa biyu sai su yi ta kokawa, injin ne ke wahala. Kilen USB da yara ke kaiwa gidan buga takardu, a riƙa bincikarsa kafin a buɗe, ta nan ma cuta ke shigowa. Faifan C, babbar ma'ajiyar da Windows ke zaune a ciki, kada ya cika maƙil, a kwashe bidiyon biki zuwa wani faifai.

In an yi duk wannan ba ta warware ba, ina kyautata zaton tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, shi kuma yawan ɗaukewar kuran yana illata shi. A sa mata SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, in ta teburi ce a haɗa mata ondiler, na'ura mai batir da ke riƙe ta in an ɗauke kuran. Ban san wani gyara da ke tada tsohuwar kwamfuta kamar SSD ba.

Ki tambayi mai gyaran wane Windows ke ciki, don kamfanin Microsoft ya tsaida tallafi, wato gyare-gyaren tsaron da yake aikowa, na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, na Windows 7 tun Janairun 2020. Kuma kafin ta bar gida, ki sa a kwafe hotuna da takardu a ajiye.