Amsa ga Kawu kan Kuɗin da Jamus Take Kashewa a Yaƙin Yukren

Kawu, bayan gaisuwa da fatan alheri, ka tambaye ni dalilin da ya sa Jamus take zuba dukiya a yaƙin Yukren alhali ba ita aka kai wa hari ba, ka kuma tambaya ko mu Hausawan da muka zauna a nan muna da ta cewa, ko kuwa namu ido ne kawai. Zan fara da tambaya ta biyu, domin ita ce ta fi shafata.

Shekarata goma sha tara a Hamburg, kuma duk ƙarshen wata takardar albashina tana zuwa da adadi biyu, na sama shi ne abin da na samu, na ƙasa kuma abin da ya rage bayan an zare haraji da kuɗin inshorar lafiya da na fansho. Kuɗin ba sa ma shiga hannun mutum, balle ya yi tunanin ƙin biya. Saboda haka idan aka ce an aika da tankar yaƙi, direban tasi ɗan zangon Kumasi da mai lodi a tashar jiragen ruwa ɗan Damagaram kowannensu yana jin akwai guminsa a ciki. Bayan sallar Juma'a, idan muka zauna shan shayi, gardamar takan yi zafi har shayin ya huce a kofi, sai dai a wurin aiki ba ma tayar da ita, domin Bajamushe ba ya ɗaukar zancen soja da wasa.

Dalilin haka yana cikin tarihinsu. A watan Satumba na 1941, dakarun Hitler suka kashe Yahudawa fiye da 33,000 cikin kwana biyu a Babi Yar, a gefen Kyiv, babban birnin Yukren, kuma tun daga makaranta ake koya wa yaransu irin wannan ta'asa. Shi ya sa suka daɗe a kan ƙa'idar ƙin aika makamai inda ake yaƙi, har a farkon 2022, lokacin da sojojin Rasha suka yi dafifi a kan iyakar Yukren, abin da Jamus ta iya miƙawa shi ne hulunan kwano 5,000, duniya ta yi ta yi mata dariya. Kwana uku bayan mamayar 24 ga Fabrairu, shugaban gwamnati Olaf Scholz ya tsaya a majalisar Bundestag ya sanar da asusu na musamman na Yuro biliyan 100 don gyara rundunar sojan ƙasar. Tankokin Leopard 2 sai a Janairun 2023 aka amince da su bayan an sha ja-in-ja, makamai masu linzami na Taurus kuwa Scholz ya hana har ya sauka.

A ganina, Kawu, abin da ke motsa su tsoro ne da lissafi. Yukren ba ta cikin ƙungiyar tsaro ta NATO, amma maƙwabtanta irin su Poland suna ciki, kuma yarjejeniyar ta ce wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. A watan Maris na 2025 har kundin tsarin mulki suka gyara don a iya cin bashi saboda tsaro, su da suke ƙyamar bashi kamar me, sannan a taron NATO na watan Yuni a birnin Hague aka amince kuɗin da ake kashewa kan tsaro ya kai kashi 5 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara kafin 2035. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk cinikin kayan soja da ya haura Yuro miliyan 25 sai kwamitin kasafin kuɗi na majalisa ya amince, kuma ba a tura soja ƙasar waje sai majalisa ta yarda.

Kada ka ɗauka bakinmu ɗaya. Akwai wanda har yau yake ajiye da takardar kuɗin ɗumama gida da ta zo masa bayan Rasha ta rufe bututun gas, abin da ya sa ya rage abin da yake aikawa gida. Akwai masu ƙorafin cewa 'yan Yukren fiye da miliyan ɗaya sun sami izinin zama da na aiki nan take, alhali ɗaliban Afirka da suka gudo daga bama-bamai iri ɗaya suka yi ta zarya a ofisoshi. Wasu kuma suna tambayar yadda ƙasar da ke kuka da mamaya ta sayar wa Isra'ila makamai ana tsakiyar ruwan wuta a Gaza, kuma ni kaina wannan tambaya tana ci mini tuwo a ƙwarya, ko da yake ina goyon bayan a ba Yukren abin kakkaɓo makaman da ake harbawa kan gidajen mutane.

Yanzu kuma zancen ya shigo har cikin ɗakina. Tun 2011 aka dakatar da aikin soja na dole, amma a Disambar 2025 majalisa ta amince da dokar da ta wajabta wa samari 'yan ƙasa da suka cika shekara 18 su cike takardar bayanin lafiyarsu da ra'ayinsu kan shiga soja, duk da cewa shigar kanta ganin dama ce. Jikanka na fari a nan aka haife shi a 2008, kuma fasfon Jamus gare shi. Ranar da wasiƙar ta iso, mahaifiyarsa ta tura ta ƙarƙashin tiren shayi, sai da muka yi sallar isha'i ta ɗauko ta miƙa masa.