Wace kalmar Hausa ce ta dace da "bhakti"?

Wata ɗaliba da ke fassara darasi kan addinan Indiya ta rubuto cewa ta ci karo da kalmar "bhakti", wadda mabiya addinin Hindu da yawa suke ɗauka a matsayin hanyar kamalar ruhi. Tana tambaya ko ta fassara ta da biyayya ko da ibada, kuma ko karin maganar nan "bin na gaba bin Allah" zai taimaka mata wajen bayani.

Malama, kalmar ta Sanskrit ce, wato tsohon harshen Indiya, kuma tushenta "bhaj" yana nufin rabawa ko samun rabo a cikin abu, saboda haka tun daga asali akwai kusanci da ƙauna a cikinta. Biyayya kuwa daga "bi" ta fito, kuma iyakarta "yi na yi, bari na bari", wanda talaka zai iya yi wa mai karɓar haraji alhali zuciyarsa tana ƙuna. Ibada ta fi kusa, sai dai ita ma, kamar bauta, tana ɗauke da ma'anar bawa, domin a Larabci tushen ibada ɗaya ne da na "abdu", wato bawa. Littafin mabiya addinin Hindu mai suna Bhagavata Purana ya lissafa nau'o'in bhakti guda 9, kuma zama bawa ɗaya ne kawai daga ciki. Akwai sauraro, da rera yabo, da tunawa, da ɗaukar abin bauta a matsayin aboki, sannan na ƙarshe shi ne miƙa kai gaba ɗaya. Shi ya sa na fi son a ce "bauta cikin ƙauna", ko da yake jimlar ta ɗan yi tsawo.

Inda Hausa ta yi dace shi ne "miƙa wuya", wanda ya yi daidai da abin da suke kira "prapatti". Mabiyan Ramanuja, malamin kudancin Indiya da ya rayu tsakanin ƙarni na 11 da na 12, sun rabu gida biyu daga baya a kan wannan batu. Wasu suka ce mai bauta kamar ɗan biri yake, wanda dole ya ƙanƙame uwarsa kafin ta ɗauke shi, wasu kuma suka ce kamar ɗan kyanwa yake, wanda uwar ke ɗauka a baki ba tare da ya yi komai ba. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin mage tana sauya wa 'ya'yanta makwanci zai gane misalin nan take.

Karin maganar kuwa ba zan ba ki shawarar sa shi ba, domin yana magana ne kan ladabi ga shugaba da iyaye da malami. Idan darasin ya kai ga girmama "guru", wato malamin da ke shiryar da almajiri, a nan ne zai yi miki amfani.