Amsa ga mai tambaya kan haɗa man korar sauro a gida

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce man korar sauron da kike saya yana sa miki ƙaiƙayi, warinsa kuma yana hawar miki kai, shi ya sa kike neman wanda ya taɓa haɗa nasa a gida da man ƙamshin da ake tatsa daga tsirrai ya bayyana miki yadda ake yi, da kuma ko za ki iya shafa wa jaririnki ɗan wata takwas. Na yi kusan shekara bakwai ina wannan haɗi, na ga amfaninsa, na kuma ga inda ya gaza, don haka zan gaya miki abin da na sani, har da wanda ba zai yi daɗin ji ba.

Haɗin gida yana korar sauro, amma na ɗan lokaci ne ƙwarai, kuma a kan wannan gajertar lokacin ne yawancin masu koyar da haɗin suke yin shiru. Macen sauro, wadda ita kaɗai ce take cizo domin tana buƙatar jini kafin ƙwayayenta su nuna, tana gano mutum ne ta iskar da yake fitarwa idan ya yi numfashi, da ɗumin jikinsa, da warin da fatarsa take fitarwa. Man tsirrai ba ya kashe ta. Abin da yake yi shi ne ya tashi daga fata ya bi iska, ya rikita mata hanya. Ke nan tashin da yake yi shi ne aikinsa, kuma shi ne ajalinsa, domin da zarar ya gama tashi babu sauran kariya, ko da kina jin ɗan burbushin ƙamshi a hannunki. A wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine a shekarar 2002, an sa mutane sun tura hannu cikin kejin sauro bayan sun shafa magunguna iri-iri. Maganin da yake ɗauke da sinadarin DEET kashi 23.8 cikin 100 ya ba da cikakkiyar kariya ta kimanin awa biyar, yayin da masu ɗauke da man sitironela, wanda ake tatsa daga wata ciyawa mai ƙamshi, ba su wuce minti 20 ba. Ni a nawa gwajin, idan haɗin ya yi kyau kuma ban yi gumi ba, nakan samu tsakanin rabin awa zuwa awa ɗaya kafin in ji cizon farko, amma ban taɓa samun dare guda ba, ko kusa.

Na daɗe a kan wannan batu ne saboda abin da ya same ni a shekarata ta biyu da fara haɗin. Na yarda da shi har na daina matsa wa yarana su shiga gidan sauro a daren da ake zafi, ina cewa ai na shafa musu mai kafin su kwanta. Ban yi lissafin cewa sauron da yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro da dare yake farauta ba, daga faɗuwar rana har asuba, alhali man da na shafa da ƙarfe tara ya riga ya bi iska kafin ƙarfe goma. Ɗana na tsakiya, yana da shekara shida a lokacin, ya kwanta zazzaɓi mai tsanani, muka kwana uku a asibiti. Allah Ya ba shi lafiya, amma har yau idan na tuna gabana yakan faɗi. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suna nuna cewa wannan cuta tana kashe kusan mutum 600,000 a kowace shekara, akasarinsu ƙananan yara. Tun daga lokacin na tsayar wa haɗina matsayinsa: na zaman yamma ne a waje, ko ɗan aiki a lambu, lokacin da mutum yake a farke zai iya sake shafawa. Barci kuwa na gidan sauro ne mai magani.

Game da mayukan kansu, wanda na fi dogara da shi shi ne sitironela, wanda ake tatsa daga wata ciyawa mai ƙamshi, 'yar'uwar ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami. Ita ma ciyawar lemun tana da nata man, yana kuma kora, sai dai yana da kaifi a fata, don haka kaɗan ake sawa. Man lafanda, wanda ake tatsa daga wani fure mai ƙamshi, ba shi da ƙarfin kora sosai, amma yana tausasa ƙamshin haɗin, fata kuma ba ta cika ƙin sa ba. Akwai wani rikici da ya kamata ki sani game da itacen turare mai ƙamshin lemo, wanda asalinsa daga Ostireliya ne. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta sanya maganin da ake yi da man wannan itace cikin waɗanda ta amince da su tun 2005, masu sayar da mai kuma sukan kafa hujja da wannan. Amma wanda aka amince da shi mai ne da aka sarrafa a masana'anta aka ƙara masa yawan wani sinadari da ake kira PMD, wanda ba ya saurin tashi, shi ya sa yake kai awanni. Ɗanyen man da ake sayarwa a ƙananan kwalabe PMD ɗin da yake cikinsa kaɗan ne, kuma cibiyar da kanta ta bambanta su, ta ce ba shi take nufi ba. Na yi shekara guda ina sayen ɗanyen ina zaton shi ne wancan. Ki kuma duba kwalba da kyau kafin ki saya, domin akwai man da aka haɗa don ƙamshi kawai, babu tsiro a cikinsa. Na gaskiya yakan zo da sunan tsiron na kimiyya a jiki, cikin kwalbar gilashi mai duhu.

Ga yadda nake haɗa nawa. Nakan auna man kwakwa mililita 30, wato ƙaramin cokali shida, domin kowane ƙaramin cokali mililita 5 ne. A ciki nake ɗiga sitironela ɗigo 12, lafanda ɗigo 4, man ciyawar lemun ɗigo 2. Tunda ɗigo kusan 20 ne suke cika mililita ɗaya, waɗannan ɗigo 18 sun zama kimanin kashi 3 cikin 100 na haɗin, wanda shi ne ma'aunin da fatata take ɗauka ba tare da ƙorafi ba. Man zaitun ma yana yi idan babu na kwakwa, sai dai ya fi nauyi a jiki. Amfanin man sirkin biyu ne: yana kare fata daga kaifin man ƙamshin, yana kuma riƙe shi ya rage saurin tashinsa. Idan ina son ya ƙara jimawa, nakan narkar da ɗan kakin zuma a cikin man kwakwar a wuta marar ƙarfi, in sauke, in bari ya huce har ya fara kauri, sannan in ɗiga mayukan in juya. Kada ki ɗiga su cikin mai mai zafi, domin nan take abin da kike nema zai tashi ya bar miki mai kawai. Masu bincike sun gano cewa sinadarin banilin, wato wanda yake ba banila ƙamshinta, yana tsawaita aikin sitironela, amma tsantsarsa ake nufi, ba ruwan ƙamshin da yake ɗauke da ɗan kaɗan daga cikinsa ba.

Za ki ga mutane da yawa suna cewa a ɗiga mai cikin ruwa a zuba a kwalbar feshi. Na yi, ban kuma ba ki shawarar ki yi ba. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, duk girgizar da za ki yi, don haka feshi ɗaya ruwa ne zalla, na gaba kuma tsantsar mai ce za ta sauka a fatarki. Ban da wannan, ruwan da aka ajiye ba tare da sinadarin hana lalacewa ba ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a cikinsa. Kwalbata ta farko ba ta yi mako biyu ba ta canja wari. Mai son feshi sai ya fara narkar da man cikin etanol mai ƙarfi, wato sinadarin alkohol, ya haɗa kaɗan wanda zai ƙare cikin 'yan kwanaki, ya fesa a tufafi da labule, nesa da wuta, domin etanol da mayukan duka suna kamawa.

Kasancewar abu ya fito daga tsiro ba ya nufin ba ya cutarwa, musamman da yake kwalba ƙarama guda an tatse ta ne daga tarin ganye mai yawa. Na taɓa karanta cewa man kanumfari yana cikin waɗanda suka fi jimawa wajen korar sauro, wanda gaskiya ne, sai na ɗiga shi tsantsa a wuyan hannuna. Wurin ya yi ja, ya yi raɗaɗi, daga baya ya saɓule, tabon kuma ya ɗauki watanni kafin ya ɓace. Man kirfa ma haka yake, ko ya fi. Man ɓawon lemo da aka matse, musamman na lemun tsami da na bagamot, yana ɗauke da sinadaran da suke ƙona fata idan rana ta doke ta bayan an shafa. Saboda haka duk sabon haɗi, ki fara shafa ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu, ki jira kwana ɗaya ko biyu ki ga yadda fatar za ta karɓe shi. Tunda kin ce fatarki tana saurin ƙaiƙayi, ki fara da rabin ma'aunina. Idan ya taɓa ido ko ya yi miki zafi a fata, ki fara goge na fatar da man kwakwa zalla sannan ki wanke da sabulu, idon kuma ki yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, ki nemi likita idan zafin bai lafa ba.

Batun jaririnki kuwa, ina roƙonki kada ki shafa masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fatar jariri siririya ce, tana shan abin da aka sa mata fiye da ta babba, hannunsa kuma kullum yana bakinsa ko idonsa. Man na'a-na'a da na itacen turare, idan suka kusanci hancin jariri, suna iya taƙure masa numfashi, shan ɗan kaɗan na man itacen turare kuma yana iya sa yaro farfaɗiya ko suma. Ko wancan man da aka sarrafa mai PMD, shawarar da CDC take bayarwa ita ce kada a yi wa yaron da bai kai shekara 3 ba amfani da shi. Man darbejiya ma, wanda daga ƙwallon ake matse shi, yana da haɗari sosai idan ya shiga cikin jariri. Abin da zai tsare miki shi shi ne gidan sauro a kan shimfiɗarsa dare da rana, da tufafi marasa nauyi masu rufe hannu da ƙafa. Idan za ku je inda sauro ya yi yawa har kina ganin dole a shafa masa wani abu, likitan yara ne zai zaɓa miki, domin akwai magungunan da aka gwada aka amince da su ga yaran da suka wuce wata biyu. Ke ma idan kin shafa naki, ki wanke hannu kafin ki ɗauke shi, kada kuma ki shafa a ƙirji tunda kina shayarwa.

Ina ganin kuma bai kamata ki yanke ƙauna daga na saye ba tukuna. DEET ya daɗe a hannun jama'a tun 1957, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai pikaridin, wanda kusan ba shi da wari, ba ya maiƙo, kuma mutane da yawa da DEET yake damu sun same shi da sauƙi. Yana yiwuwa ma ba sinadarin korar ne yake sa miki ƙaiƙayi ba, turaren da aka ƙara a ciki ne, in haka ne kuwa man tsirrai zai iya dame ki fiye da shi. Ni kaina ina ajiye mai pikaridin domin tafiya da lokacin da cututtuka suka yi yawa, ciki har da na sauron da yake cizo da rana, mai yaɗa dengi da shawara.

Idan kuna da kyanwa a gida, ki nisanta ta daga waɗannan mayuka, domin hantarta ba ta iya sarrafa su yadda tamu take yi, tsuntsayen keji ma ƙamshin yana cutar da su. Ki ajiye haɗin a kwalbar gilashi mai duhu, a wuri mai sanyi da yara ba sa kaiwa, ki rubuta ranar haɗawa a jiki. Man da ya tsufa iska ta shige shi ya fi sabo tayar da ƙuraje, shi ya sa ba na haɗa abin da zai wuce wata biyu. Ga sauran ƙwari, man na'a-na'a a auduga yakan karkatar da layin kiyashi na kwana ɗaya ko biyu, amma ban taɓa ganin ya raba gida da kyankyaso ko kuɗin cizo ba, kaska kuma ba abin da za a yi sakaci da shi ba ne. Awarwaron hannu mai ƙamshi da na'urar da ake cewa tana korar sauro da ƙara, an gwada su ba su tsinana abin kirki ba.

Abin da ya rage mana sauro fiye da duk kwalaben da na haɗa shi ne zagayen da nake yi sau ɗaya a mako ina kifar da duk abin da ya tara ruwa, tun daga tsohuwar taya har faranti na ƙarƙashin tukunyar fure, domin daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne idan akwai ɗumi. Fanka ma tana taimakawa ƙwarai a wurin zama, saboda sauro ba shi da ƙarfin tashi cikin iska. Idan kin gwada haɗin, ki duba agogo lokacin da kika shafa da lokacin da kika ji cizon farko, ki rage minti goma daga abin da kika samu, wannan shi ne lokacin da za ki riƙa sake shafawa. Allah Ya raya miki yaron cikin ƙoshin lafiya.