Littafin Yara Mai Hotuna da Kiɗan Turawa: Yaya Ake Haɗa Su?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Na ji a rediyo wai Turawa kan ɗauki littafin yara mai hotuna su sa masa kiɗa, wani yana karanta labarin. Yaya abin yake, kuma zai yiwu a ajina?

Amsa: Malama, sirrin shi ne kiɗan ke karɓar aikin hoton. Yaro ba ya kallon shafi, kunnensa ke zana masa.

Ɗauki labarin Babar, ɗan giwar da maharbi ya kashe uwarsa, wanda Jean de Brunhoff ya wallafa a Faransa a 1931. A 1940 yaran dangin makaɗi Francis Poulenc suka ɗora masa littafin a kan fiyano, suka ce ya kaɗa musu labarin. Sai 1945 ya kammala aikin. Mai karatu zai faɗi 'yan jimloli ya yi shiru, fiyano ya karɓa. Inda uwar giwa ke lallashin ɗanta ya yi barci, kiɗan a hankali yake tafiya, da nauyi, har ka ji girman jikinta.

Wanda ya fi shahara kuwa Peter and the Wolf ne, wato labarin yaro Peter da kyarkeci, na makaɗi Sergei Prokofiev, da aka fara kaɗawa a Mosko a 1936. Shi dai ba daga littafi ya fito ba, makaɗin ne ya rubuta labarinsa, littattafan hotunan daga baya suka biyo. Ya ba kowa a labarin muryarsa ta kayan kiɗa: tsuntsu sarewa, kyarkeci ƙahonin busa uku, harbin mafarauta manyan ganguna.

Wannan dabarar ce za ta yi miki amfani, kuma ba sai da fiyano ba. Tatsuniyarmu dama da waƙa take zuwa. Ki ba Gizo kalangu, tunda baki gare shi, kura ta samu ganga, Ƙoƙi sarewar kara. In babu makaɗi a kusa, ƙwarya a kife da gwangwanin madara mai tsakuwa sun wadatar. Kafin "ga ta nan, ga ta nanku", ki jiyar da yara sautin kowa sau biyu. Kada ki yarda a riƙa kiɗa kina magana, a aji mai cunkoso na baya ba za su ji komai ba.

Ki fara shaida wa hedimasta da iyayen yara, domin akwai gidajen da ba sa son kiɗa a makaranta.